Sakatariyar da Ta Yi Shiru Aka Rufe Ɗakin Saƙa

Shekara ashirin da shida Majvor Edlund ta yi tana riƙe da alƙalamin ƙungiyar masu fasaha ta lardin Jämtland, kuma ba a taɓa samun wanda ya buɗe littafin bayanan taro ya ce ga inda ta yi kuskure ba. Shugabanni bakwai ta gani sun hau sun sauka. Wasu sun tafi da furanni a hannu, wasu ko sallama babu. Ita tana nan a kujerarta ta gefen hagu, tabarau a kan hanci, tana rubuta abin da aka yanke.

Ba mai fasaha ba ce, ba ta kuma taɓa da'awar haka ba. A ƙauyen Tallvik aka haife ta. Ubanta saran itace ya yi har bayansa ya lanƙwashe, uwarta kuwa masaƙiya ce da ake zuwa neman shimfiɗunta na tsumma daga garuruwa masu nisa. Majvor ta gaji haƙurin uwar amma ba ta gaji hannunta ba, duk abin da ta saƙa sai gefe ɗaya ya ɗara ɗaya. Gidan waya ta yi wa aiki har aka rufe na ƙauyen, sannan ta koma kicin ɗin makaranta tana dafa wa yara dankali da kifi har ta yi ritaya. Ƙungiya ta jawo ta ne don ta iya buga tafireta. Aka ce ta riƙe na shekara guda kafin a samu wani.

Ba a biyan kowa a wannan aiki. Ita ke cika motarta da zanen mutane ta kai baje koli a garin da ke da nisan kilomita ɗari biyu, hanya duk ƙanƙara. Ita ta san wane mai goge ne ba ya ga maciji da wane, don kada a haɗa su a dandali ɗaya ranar bikin tsakiyar bazara. Mijinta Sixten, kafin ya rasu, yakan ce shi mace ɗaya ya aura aka haɗa masa da mutum ɗari uku.

Cikin duk abin da ƙungiya ke riƙe da shi, ɗakin saƙa na Tallvik ne ranta. Yana saman benen tsohuwar makarantar ƙauyen. Katakon saƙa tara ne a ciki, kowanne ya kai girman gado, wasu sun girmi kakannin masu zama a kansu, kuma babu wanda zai shiga gidan zamani. Talata da Alhamis mata ke taruwa daga ƙauyuka shida, yawancinsu mazansu sun mutu. A lokacin sanyi, da yawa daga cikinsu in ba ƙofar gidansu ba wannan ce kaɗai ƙofar da suke buɗewa a mako. Ƙungiya ke riƙe da mabuɗi, ita ke ɗumama ɗakin.

Sai aka zaɓi Joakim Strandell shugaba. Daga Stockholm ya dawo gidan kakarsa, mutum ɗan shekara arba'in mai fara'a, mai naɗa mayafi a wuya ko a cikin ɗaki. Ba mugu ba ne, kuma abin haushin ke nan, da mugu ne da an san yadda za a yi da shi. Ya samo wani katafaren sito a birnin Östersund kusa da tashar jirgin ƙasa, ya ce nan matasa za su zo, nan masu ba da tallafi za su ga sabon abu su saki hannu. Ƙungiya ba za ta iya riƙe gida biyu ba. Don haka a mayar wa hukuma tsohuwar makaranta.

Ranar taron kwamiti na Janairu, Majvor ta ɗauko Torsten Nylander a motarta kamar kullum. Shi ne mataimakin shugaba, masassaƙin cokali da akushi, ɗan shekara saba'in da ɗaya, mutumin da a mota bakinsa ba ya hutawa.

"Ba zai yiwu ba," in ji Torsten tun kafin ya ɗaura bel. "Yaron nan ya taɓa ɗaga katakon saƙa kuwa? Ya ɗauka kujerar roba ce? Bari mu je, zai ji daga bakina."

"To kai za ka fara, ko ni?"

"Ke dai tuƙa mu, Majvor. Ni da na yi faɗa da shugabanni uku?"

"A mota ka yi faɗan da su."

"Kai, matar nan! Sixten ya sha fama."

Su bakwai ne a teburin. Aka zuba kofi, aka zagaya da burodin kirfa. Joakim ya haska hotunan sito a bango, ya yi bayani tiryan-tiryan, har ya yabi matan Tallvik, ya ce su ne tushen komai. Da ya gama ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai mai wani tunani?"

A wajenmu ba a ce wa mutum a'a a fuskarsa a kan teburin da aka sha kofi tare. Wani ne zai yi gyaran murya ya ce ya kamata a ƙara dubawa, wani ya ce shi ma haka ya gani, sai a ɗage maganar zuwa wani zama, daga nan ta mutu ba a ji kunyar kowa ba. Amma sai da mutum biyu, kuma sai ɗaya ya fara. Majvor ta dubi Torsten. Torsten ya duƙufa yana tsintar ƙwayoyin sukari daga kan burodinsa kamar aikin da aka biya shi ya yi. Ta yi gyaran murya. Joakim ya juyo gare ta ya jira, kuma a faɗi gaskiya ya jira sosai. Ta gyara tabarau. Ta sake duban Torsten. Bakin nan kuwa ya ƙi buɗuwa.

"To, muna tare ke nan," in ji Joakim, ya buga 'yar gudumar katako a tebur.

Saura ƙofa ɗaya, kuma ba wanda ya san ta kamar Majvor. Kafin a tashi taro, kowane ɗan kwamiti yana da ikon cewa a rubuta sunansa, shi bai yarda ba. Wanda bai yi haka ba ya shiga sahu, dole ya tsaya bayan abin da aka yanke a gaban jama'a. Sau biyu tak ta taɓa rubuta irin wannan a shekara ashirin da shida. Duka mutanen biyu, da shekara ta zagayo, masu tsayar da 'yan takara ba su kira su a waya ba, ba wanda ya ce musu komai, sai dai suka ga ba sunansu. Ta tuna da su. Ta rufe alƙalami.

A hanyar komawa sai da suka yi kilomita ashirin kafin ta juyo wajen Torsten.

"Ina faɗan?" in ji ta daga ƙarshe.

"Ke nake jira! Ke ce 'yar Tallvik."

"Kai ne mataimakin shugaba, Torsten."

"Na ji kin yi gyaran murya, na ce yawwa, ga ta nan tafe. Sai na ji tsit. Ni in tsoma baki in katse ki?"

"Sukari kake tsinta."

"Tunani nake yi."

"Allah ya ƙara basira," ta ce, ta sauke shi a bakin titi ba ta shiga da shi har ƙofar gida ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Kwana uku bayanan taron na kan teburin kicin ɗinta. Layi ɗaya ne ya tsaya mata a wuya. Da ta so, da ta rubuta cewa an tattauna an ji ra'ayoyi mabambanta, ba wanda zai bi diddigi. Amma ba a tattauna ba, ba a kuma ji ra'ayin kowa ba, ita kuwa ba ta taɓa rubuta abin da bai faru ba. Ta buga: kwamiti ya amince baki ɗaya. Ta sa hannu a ƙasa. A watan Fabrairu takardar ta shiga akwatin wasiƙar mambobi ɗari uku da goma sha biyu, haɗe da gayyatar babban taron shekara, inda jama'a za su yi wa maganar hukuncin ƙarshe.

Ranar Alhamis da ta hau benen makaranta da mabuɗi, ta tarar matan sun riga ta, suna tsaye a bakin ƙofa da rigunan sanyinsu. Gullan Mattsson ce a gaba, ƙawar marigayiya uwarta, 'yar shekara saba'in da tara, gajera, mai baki kamar reza. Takardar na hannunta.

"Majsan," ta ce, da sunan da take kiranta tun tana rarrafe, "zo nan ki karanta mini. Idona ya fara yi mini ƙarya. Wannan hannun wa?"

"Nawa ne, Gullan."

"Ashe dai idon nawa lafiyarsa ƙalau. Baki ɗaya! Har da naki bakin?"

"Ban ce na yarda ba."

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

Gullan ta juya wajen sauran. "Kun ji ko? Ba ta ce komai ba. Mace 'yar shekara sittin da uku, ta ciyar da yaran ƙauyen nan kaf, tana daka musu tsawa a kan cokali, amma ta ga ɗan birni mai mayafi harshenta ya faɗa cikin kofi."

Wata ta yi dariya, ta yi maza ta haɗiye.

"Ai ba a gama ba," in ji Majvor. "Babban taro ne zai yanke. Ku zo dukanku, ku zo da maƙwabtanku."

"Mu zo mu yi me? Ke kina can gaba kusa da shi kina rubutu."

"Ni ba ni da bakin magana a can. Na riga na shiga sahu, haka dokar take."

"Dokar!" Gullan ta karɓe mabuɗin daga hannunta ta buɗe ƙofa da kanta. "A kan wancan katakon na lungu uwarki ta saƙa shimfiɗar da aka ɗora akwatin gawar ubanki a coci. Je ki faɗa wa katakon dokar."

Ranar ba wanda ya zuba wa Majvor kofi. Ba su hana ta ba, sun dai bar ta ta zuba da kanta.

Makonni biyar ta yi tana kai-kawo a cikin gidanta. Ta ɗauki waya za ta kira mutane ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye, don sakatariya ba ta bin bayan kwamitinta tana zuga jama'a. Ta je wajen Joakim sau ɗaya. Ya tarbe ta da murna, ya dafa shayi, ya ce ya fahimci zafin abin, har za a sa mota ta riƙa ɗauko matan zuwa birni sau ɗaya a wata su ga baje koli. Su ga baje koli! Matan da hannunsu bai taɓa zama banza ba za a kai su su tsaya suna kallon bango. Majvor ta ce ta gode da shayi, ta fito.

Babban taron ya kama Asabar ta biyu ga Maris, da ƙarfe ɗaya na rana, a zauren taro na Östersund. Mutum sittin da 'yan kai suka zo. Kwamiti ya jeru a gaba. Torsten aka ba gudumar, don al'ada ce dattijon kwamiti ya ja taron shekara. Majvor na gefensa da littafinta. Ta ɗaga kai ta ƙirga 'yan Tallvik: Gullan da mata biyar a layin baya, jakunkuna a kan cinya. Shida kawai.

Joakim ya sake haska hotunansa. Matasa suka tafa. Torsten ya tambaya ko akwai mai magana. Matan layin baya suka dubi juna, suka dubi Majvor. Gullan ma, mai bakin reza, ta kafe ta da ido ba ta motsa ba. A ɗakin saƙa ne take da baki. A zaure mai lasifika da baƙin fuskoki, ita ma 'yar ƙasar nan ce kamar kowa.

Yadda ake yi shi ne mai guduma ya tambaya, zaure ya amsa, in ya ji masu eh sun fi yawa ya buga, magana ta ƙare. Sai fa in wani ya ɗaga murya ya nemi a ƙirga hannu kafin gudumar ta sauka.

"Taro ya amince da shawarar kwamiti?" in ji Torsten, idonsa a kan takarda.

"Eh," zaure ya amsa, ba da ƙarfi ba.

Ya ɗaga guduma.

"A ƙirga."

Muryar Majvor ce, ƙasa-ƙasa, amma lasifikar Torsten na kusa da ita, kowa ya ji. Majvor ta ajiye alƙalami ta miƙe tsaye. Zaure ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi in wani ya fasa faranti a gidan makoki.

Joakim ya sunkuyo ya ce a hankali, "Majvor, ai kina tare da mu a Janairu. Ga hannunki."

"Hannuna ne," ta ce, ta juya wajen jama'a. "A Janairu ban yarda ba, kuma ban buɗe baki ba. Tsoro na ji. Na zauna ina jiran wani ya fara, shi ma yana jirana." Kunnuwan Torsten suka yi ja. "Na koma gida na rubuta muku baki ɗaya. Abin da ya faru ke nan, ban yi ƙarya ba, amma kun karanta kun ɗauka ni ma ina so. Ba na so. In an rufe ɗakin nan, katako tara ba su da wurin zuwa, matan da ke kansu ma haka. Ni dai a ƙirga."

Wani saurayi a tsakiya ya ce, "Ana yin haka kuwa? 'Yar kwamiti?"

"Ana yi," in ji Torsten, karo na farko da ya yi amfani a shekarar. "Ba a saba ba ne kawai."

Aka ɗaga hannuwa. Mutum biyu suka zagaya suna ƙirgawa, suka sake don a tabbata. Masu goge tsofaffi sun bi Majvor, masassaƙa ma haka, har da wasu 'yan birni da jikinsu ya yi sanyi. Torsten ya ɗaga nasa can daga baya, rabi-rabi, kamar mai korar ƙuda. Talatin da huɗu suka ce a rufe. Ashirin da tara suka ce a bari. Gudumar ta sauka. Majvor ta zauna ta ɗauki alƙalami ta rubuta lambobin, don aikinta ne.

Da aka tashi shan kofi ta nufi layin baya.

"Ina sauran?" ta tambayi Gullan. "Ina Berit? Ina 'yan ƙauyen Norrböle? Mutum shida muke nema, Gullan, shida!"

"Suna gida."

"Na ce ku zo dukanku."

"Na bi su gida gida da ƙafata. Kowace sai ta ɗauko takardar ta nuna mini. Ta ce in har Majvor ta sa hannu, to ta duba ta ga ba makawa, me zai kai mu birni mu tayar da hankalin mutane? Mutum goma sha ɗaya, Majsan. Da hannun mai mayafi ne kaɗai a takardar, da sun cika mota biyu. Da ke suka yarda."

Majvor ta juya ta koma kujerarta.

Bayan hutu aka zo zaɓe. Masu tsayar da 'yan takara tun a Fabrairu suka gama jerinsu, sunanta na ciki kamar kowace shekara. Ta zauna tana jiran wani ya miƙe ya ce macen da ta kunyata kwamiti a bainar jama'a ba ta cancanta ba, ko wata daga layin baya ta ce wadda ta sayar da Tallvik ta sauka. Har so take a faɗa. Torsten ya karanta sunan, ya tambaya ko taro ya amince. Zaure ya ce eh, masu jin haushinta na gaba da masu jin haushinta na baya duka. Wa zai ce mata a'a a fuska? Guduma ta sauka. Joakim ya miƙo mata hannu yana murmushi, ya ce yana girmama ƙarfin halinta. Ranar Litinin ita ta rubuta wa hukuma wasiƙar mayar da makaranta, don sakatariya ke rubuta wasiƙa.

A watan Mayu, da ƙanƙara ta narke, aka kwance katakon. Kwana huɗu aka yi. Torsten ya zo da kayan aikinsa ba wanda ya kira shi, ya yi ta fitar da turakun katako yana lissafa su ba ya duban kowa. Gidan tarihi ya karɓi biyu, ya ce za a ajiye su a sito. Wata mata daga Norway ta ɗauki ɗaya. Uku suka tafi rumbun ciyawar wani manomi da ya yi alkawarin rufe su da tamfol. Ukun da suka rage Majvor ta fitar da motarta waje ta jera su a gareji, a kwance, an ɗaure kowanne da igiya. A tsaye ko ɗaya ba zai shiga ba, rufin ya yi ƙasa.

Ranar ƙarshe Gullan ta hau benen da sandarta, ta tsaya tana kallon ɗakin wayam, sai tabon ƙafafun katako a daɓe.

"Yanzu ranar Talata me za mu yi?" in ji Berit, wadda ba ta je taro ba.

"Ku zo gidana," in ji Majvor. "Akwai tebur, akwai kofi."

"Mu zo mu saƙa me, hira?" in ji Gullan.

Duk da haka Talatar farko mata bakwai suka zo. Suka zauna a kicin da hannuwa a kan cinya, suka yi maganar yanayi da ciwon gwiwa, ƙarfe uku suka watse. Ta biyu huɗu suka zo. Zuwa kaka sai Gullan kaɗai, jikanyarta na kawo ta ta dawo ta ɗauke ta, kuma rabin zaman gorin Janairu take yi wa Majvor, ita kuwa tana zuba mata kofi ba ta musu. Berit ta koma gidan tsofaffi a birni kafin Kirsimeti. Sauran sai a jana'iza ake haɗuwa.

Majvor tana nan a kujerarta ta gefen hagu, yanzu a sabon sito, inda sanyi ke shiga ta ƙasan ƙofa. Matasan sun zo kamar yadda Joakim ya faɗa, wasunsu ma suna da hannu, ita ke ɗaukar zanensu a motarta. A taron kwamiti ta zama mai yawan magana, ko a kan sayen fitila sai ta ce tana da ja, har 'yan kwamiti sun fara duban agogo in ta yi gyaran murya. Bana watan Fabrairu ya kusa ƙarewa, masu tsayar da 'yan takara ba su kira ta ba tukuna.